Rubutun Durdona da Bishiyoyin Kakanta

TURSUNBOY: Alo? Alo! Wa ke nan?

SANOBAR: Assalamu alaikum, Ota, babanmu. Da Tursunboy ota nake magana?

TURSUNBOY: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya, 'yata. Kunnen nan na hagu ya riga ni yin ritaya.

SANOBAR: Na ce ina kwananku? An tashi lafiya?

TURSUNBOY: Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya gida? Ya iyayenki?

SANOBAR: Suna lafiya. Ya ƙarfin jiki?

TURSUNBOY: Jiki na tsufa ne, gwiwa ta ce a zauna, zuciya ta ce a tashi. Ya maigidan? Ya yara?

SANOBAR: Duk lafiya. Ya mutanen gida? Ya 'yan'uwa na birnin Tashkent, suna kira?

TURSUNBOY: Suna kira in sun tuna. To madalla. Amma ki yi haƙuri, na gaishe ki har da yara ban san ko wace ce ba. In daga ofishin gas ne, surukata ta fita.

SANOBAR: A'a, Ota. Sanobar ce, malamar Durdona a kwaleji.

TURSUNBOY: Wa?

SANOBAR: Malamar Durdona! Jikarku!

TURSUNBOY: Kai! Malama Sanobar? Ke ce mai koya musu rubutun nan na kafa hujja? Allahu akbar. Tsaya in gyara zama. Wallahi na yi niyyar in zo da kaina in yi miki godiya, gwiwar ce ta hana. Ranar Alhamis za mu dafa osh, shinkafar nan tamu da nama, ki zo ke da maigidan, ban yarda da uzuri ba.

SANOBAR: Na gode, Ota. Ni dai dama... Durdona ce ban gani a aji ba kwana biyu.

TURSUNBOY: Tana nan. Ta ce kanta ke ciwo. Tun da jaridar nan mai ɗauke da rubutunta ta fito take kulle kanta a ɗaki. Na ce mata kunyar yabo ce, za ta wuce.

SANOBAR: Ba ku kuka hana ta zuwa ba?

TURSUNBOY: Na'am?

SANOBAR: Na ce ba ku kuka hana ta ba?

TURSUNBOY: Ni? In hana ta karatu? Haba Malama, a kan me?

SANOBAR: Na ji an ce unguwarku ta rabu biyu a kan rubutun. Sai na ɗauka... tunda ku kuka dasa bishiyoyin cinorin nan na bakin titi...

TURSUNBOY: Ba ni kaɗai ba, gayya aka yi. Ina saurayi lokacin, gashina baƙi ƙirin. Ni da Ergash, maƙwabcina, muka riƙa jido ruwa daga arik, magudanar ruwan gefen titi, da bokiti muna ba su har suka kama. Amma e, in aka ce cinorin titinmu, sunana ake fara kira.

SANOBAR: To shi ne na ce ko ranku ya ɓaci, jikarku ta rubuta a jarida cewa a sare su.

TURSUNBOY: Ya ɓaci mana! Ranar farko ko gurasa ban iya haɗiya ba. Ergash ne ya kawo mini jaridar gidan shayi, ya shimfiɗa ta a gabana kamar ya kama ɓarawo, ya ce, "Karanta, ga abin da ka haifa." Na sa tabarau. Malama, na karanta ina neman ƙarya guda ɗaya tak da zan riƙe in je in ja mata kunne. Na koma farko. Na sake komawa. Babu!

SANOBAR: Ota, ai maganar da na kira...

TURSUNBOY: Bari in gama, tsofaffi ba a katse mu, mantawa muke yi. Ta rubuta daren da matar Mamasoli, ɗan titinmu, ta faɗi, motar asibiti ta kasa shigowa, aka ɗauke ta a bargo har bakin babban titi. Ina wurin! Ni na riƙe gefe ɗaya na bargon. Ta je ta samo direban motar, ya faɗa da bakinsa. Ta auna faɗin titi. Ta sa hoton saiwar da ta fasa bututun ruwa. Kowace magana ga wanda ya faɗa, ga ranar da ya faɗa. Kin san abin da ya fi kashe mini jiki?

SANOBAR: A'a.

TURSUNBOY: Maganata. Ta zo ta zauna nan gabana ta ce, "Bobo, kakana, gaya mini me ya sa bai kamata a taɓa bishiyoyin nan ba." Na saki baki, na ɗauka mu take karewa. Na ce inuwa, na ce tsuntsaye, na ce titin da ba bishiya kamar fuska ce ba gira. Sai ga shi duka a jarida, ba ta rage ko harafi ba, har ta gyara mini ya fi yadda na faɗa daɗi. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kayar. Cikin ladabi fa! Ke kika koya mata wannan?

SANOBAR: Ni ce. Nakan ce musu su fara kawo hujjar abokin hamayya mafi ƙarfi, su yi mata adalci, sannan su amsa.

TURSUNBOY: To Allah ya yi miki albarka. Na ce wa kaina, Tursunboy, yarinyar da ka goya ta dubi idonka ta gaya maka gaskiya mai ɗaci, kai kuma za ka tsaya kana kare inuwa? Ranar taron unguwa na miƙe gaban dattawa na ce ni zan fara sa hannu a takardar neman a sare su.

SANOBAR: Kun sa hannu?

TURSUNBOY: Na farko! Ergash ya ce na ci amanar gumin da muka yi. Na ce masa, "Kai inuwar shan shayinka kake ji, ranar da za a ɗauke ka a bargo za ka gane." A gaban mutane na faɗa. Tun ranar ko sallamata ba ya amsawa. Mutumin da muka yi kaciya rana ɗaya.

SANOBAR: Innalillahi.

TURSUNBOY: Me kika ce? Layin yana shaƙewa.

SANOBAR: Ota, don Allah ku saurare ni. Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

TURSUNBOY: Subhanallahi. Wani abu ta yi? Satar rubutun wani ta yi?

SANOBAR: A'a! A'a, ko kusa. Ita ta yi abinta, kowane layi. Laifin nawa ne. Kun ga, yadda nake koyar da darasin nan... nakan ɗauko wata matsala ta gari, in raba ta gida biyu, masu cewa a yi da masu cewa kar a yi. In rubuta a 'yan takardu, in nannaɗe, in zuba a hula. Kowa ya sa hannu ya ciro.

TURSUNBOY: A hula.

SANOBAR: E. Abin da ka ciro shi za ka kare, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Don su koyi cewa hujja daban, son rai daban.

TURSUNBOY: Ban gane ba. Kamar caca?

SANOBAR: Ba caca ba, atisaye ne. Motsa ƙwaƙwalwa. Durdona ta ciro "a sare". Ta biyo ni ofis tana kuka, ta ce kakanta ne ya dasa su, a ƙarƙashinsu ta koyi tafiya, in canza mata. Na ƙi. Na ce mata wanda bai iya kare abin da yake ƙi ba, bai san abin da yake so ba. Har ina jin daɗin maganar a bakina, Ota.

TURSUNBOY: Tsaya. Tsaya, Malama. Kina nufin yarinyar nan ba ta son a sare su?

SANOBAR: Ba ta so. Ba ta taɓa so ba.

TURSUNBOY: Amma ta rubuta.

SANOBAR: Don na sa ta. A kan maki.

TURSUNBOY: To wa ya kai jarida?

SANOBAR: Ni ce. An buɗe gasar rubutun ɗalibai ta gunduma. Na daɗe ina koyarwa ban taɓa samun rubutu irin nata ba. Sai na aika. Ban tambaye ta ba, na ce in ta ci sai in ba ta mamaki. Ban san za a buga wanda ya ci ba, da sunanta da sunan titinku. Ko na sani ma... ban yi tunani ba. Ni dai so nake a ce ɗalibar Sanobar ce.



SANOBAR: Alo? Ota? Kuna ji na?

TURSUNBOY: Ina jin ki. Wannan karon da kunnen da ya mutu ma na ji.

SANOBAR: Na ɗauka fushi kuke da ita, shi ya sa na kira in wanke ta. In ce muku ba daga zuciyarta ba ne.

TURSUNBOY: Ki wanke ta. Ikon Allah. Ni ina nan ina yawo da jarida a aljihu, duk wanda na tare sai na nuna masa, ina cewa ku ga jikata mai faɗin gaskiya ko a kan kakanta. Ashe hula ce ta yi magana.

SANOBAR: Ku yafe mini.

TURSUNBOY: To gaya mini, tunda ke ce malama. Matar Mamasoli ƙarya ce?

SANOBAR: Gaskiya ce.

TURSUNBOY: Bututun?

SANOBAR: Gaskiya ne. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, na bi na duba da kaina.

TURSUNBOY: To in duka gaskiya ne, mene ne na kukan? Ko ta so ko ba ta so ba, motar asibiti ba ta shiga. A sare ɗin shi ne daidai. Ko ba haka ba? Malama, ki ce mini haka ne.

SANOBAR: Rabi ne, Ota.

TURSUNBOY: Rabin me?

SANOBAR: Rabin maganar. Na ce muku gida biyu nake rabawa. Akwai wanda ya ciro "kar a sare". Wani ɗalibi, Javlon.

TURSUNBOY: Shi me ya ce? Inuwa da tsuntsaye irin nawa?

SANOBAR: A'a. Ya ce ba bishiyoyin ne suka matse titin ba. Ya ce arik ɗin da ke bin ɗaya gefen, in aka rufe samansa da falankin siminti, aka matsar da turakun lantarki jikin katanga, mota za ta wuce ba a taɓa ko reshe ba. Ya ce an yi haka a wata unguwa a birnin Kokon.

TURSUNBOY: A rufe arik... ta gefen gidan su Mamasoli... Kai. Kai! Ai kuwa akwai fili a wurin. Shi wannan a wace jarida ya fito? Ban gani ba.

SANOBAR: Bai fito ba.

TURSUNBOY: Don me?

SANOBAR: Ban aika ba.

TURSUNBOY: Na ce don me?

SANOBAR: Bai rubuta madogararsa daidai ba. Ya ce wani tsohon injiniyan hanya ne ya gaya masa, bai sa sunansa ba, bai sa rana ba. Unguwar ta Kokon ma bai faɗi sunanta ba. Ga jimlolinsa a cakuɗe. Na bi shi da jan biro, na rubuta masa a ƙasa, "Wa ya ce? Yaushe? Ina shaida?" Na ba shi maki kaɗan na mayar masa.

TURSUNBOY: Kin je kin duba ko gaskiya ya faɗa?

SANOBAR: Sai jiya. Na sa shi ya kai ni wurin tsohon. Ya zana mini a ƙasa da sanda. Zai yiwu, Ota.

TURSUNBOY: Wato mai gaskiya rabi ta iya jera ta, kin kai ta jarida. Mai ɗaya rabin bai iya ɗaura mata ɗankwali ba, kin kore shi.

SANOBAR: Haka ne. Ba ni da bakin musu.

TURSUNBOY: Malama, shekarunki nawa kina wannan aiki? A'a, bar shi, ba na son sani. Abu ɗaya nake tambaya. Da kike zuba titinmu a hula, kin taɓa zuwa kin gan shi?

SANOBAR: Na taɓa wucewa a mota.

TURSUNBOY: A mota.

SANOBAR: Ota, ku ji, bai ɓaci ba tukuna. Yanzu zan fita daga aji, in ɗauko Javlon da tsohon injiniyan, mu zo. Mu gyara rubutun, in sa masa duk madogarar da ta ɓace, a kai wa dattawa. Ni da kaina zan tsaya in ce...

TURSUNBOY: Kin san inda nake zaune yanzu?

SANOBAR: A'a.

TURSUNBOY: Ɗakin ajiya, can ƙuryar gida, tsakanin buhun shinkafa da tulunan kayan lambun da muka tsima. Na rufe ƙofa na sa bargo a taga. Kin san dalili? Bari in buɗe tagar. Saurara.

SANOBAR: Mene ne wannan? Injin niƙa?

TURSUNBOY: Zarto ne. Tun da hantsi suka zo. Da manyan suka fara, na ƙofar masallaci. Ni na ce su fara da su, don kar zuciyata ta canza.

SANOBAR: Wayyo Allah. Wayyo Allah na. Ota, ku fita ku tsayar da su! Ku za su ji maganarku. Ko rabi ne a tsira da shi.

TURSUNBOY: In fita in ce me?

SANOBAR: Ku ce an samu wata hanya.

TURSUNBOY: Sai Ergash ya ce, "Jiya ba kai ka ce jikarka ta bincika ta ga ba wata hanya ba?" In ce masa me? In ce ai wasa suke yi a makaranta? In ce yarinyar ba ta yarda da abin da ta sa wa sunanta ba? Kin san unguwa, Malama. Kafin la'asar an gama da ita. Za a ce 'yar gidan Tursunboy ta sa an sare cinori don ta ci maki. Za a ce bakinta biyu. Matan da ke zuwa ganin ta saboda 'ya'yansu maza, ko ƙofar nan ba za su sake kallo ba. Magana zarar bunu ce.

SANOBAR: Sai in ce ni ce. In rubuta a jaridar cewa ni na tilasta mata.

TURSUNBOY: Sunanki ne a ƙarƙashin rubutun?

SANOBAR: A'a.

TURSUNBOY: To. Ke gobe za ki shiga aji ki girgiza hularki. Ita a titin nan za ta yi ta wucewa tsakanin kututture.

SANOBAR: Ota, wallahi da na san...

TURSUNBOY: Kin ji? Wata ta faɗi. Har ƙasa ta motsa. Ta wajen gidan Ergash ce wannan, na san nauyinta.

SANOBAR: Don girman Allah ku fita.

TURSUNBOY: Ba zan fita ba. Bishiya in ta faɗi a dasa wata, ko ban ga inuwarta ba wani zai gani. Sunan yarinya in ya faɗi ba a dasa shi. Kuma ni ma ba wanke kaina zan yi ba. Tana gabana kullum, ido ya kumbura, abinci ba ta ci, ni ina ta yi mata kirari. Ko sau ɗaya ban ce, "Durdona, ke me kike so?" ba. Na ga baƙi a kan fari, an buga da inji, na ce shi ke nan. Tsoho da ni.

SANOBAR: Ta yi shiru ne don kar ta kunyata ku, bayan kun tsaya gaban mutane.

TURSUNBOY: Na gane, ba sai an koya mini wannan ba. Yanzu ki saurare ni da kyau. Ba ki kira ni yau ba. Kin ji? Ba ki san lambata ba. Zan ci gaba da yawo da jaridar nan a aljihu har ta yage. Ita ta ɗauki nata ta yi shiru domina, ni ma zan ɗauki nawa. In ta dawo aji, kar ki kuskura ki nuna mata a fuska cewa na san...

SANOBAR: Ota? Alo?

TURSUNBOY: Ke... tun yaushe kike tsaye a nan? Ajiye butar, za ki ƙone. Ajiye mana. Ba kowa ba ne, mutanen gas ne. Durdona. Durdona, bar wayar nan, 'yar albarka...

DURDONA: Malama.

SANOBAR: Durdona... ya jikin? An ce kanki...

DURDONA: Na roƙe ku a ofis. Na ce ko sifili ne ku ba ni.

SANOBAR: Kin roƙe ni.

DURDONA: Da jaridar ta fito na sake zuwa, na ce tunda ya riga ya faru, ku bar shi kar ya sani. Abu ɗaya ke nan da ya rage masa, yana ganin gaskiya ya bi.

SANOBAR: Na ɗauka yana azabtar da ke ne. Na ɗauka gyara zan yi.

DURDONA: Kun tambaye ni?



DURDONA: Da za ku aika gasar, kun tambaye ni? Yau da za ku kira, kun tambaye ni? Ina makaranta ɗaya da ku, Malama. Lambata tana wayarku.

SANOBAR: Durdona, ni dai... rubutun ne ya yi kyau... na ga ya yi kyau sosai...

DURDONA: Ya yi kyau. Ku zo ku gani, ga shi can a kwance a titi. Bobo, kar ka yi kuka, don Allah kar ka yi. Malama, ga shi nan yana kuka. Ku da kuka iya magana, ku gaya mini me zan ce masa. Ina saurare.

DURDONA: Malama?

DURDONA: Alo?

DURDONA: Bobo, ta kashe wayar.